Darasin Lafiya: Yadda Ake Shirya Jiki Kafin Hawa Tudun Habasha

Darasinmu na wannan fitowa ya shafi duk wanda tafiya za ta iya kai shi ƙasa mai tudu. A cikinmu akwai masu dangi a sansanonin da ke kewayen Asosa, kamar Sherkole da Bambasi da Ura. Akwai waɗanda aka tura wani nasu asibiti a Adis Ababa, akwai kuma masu jiran kira saboda takardu. Kada a ɗauki wannan rubutu a matsayin shawarar a tsallaka iyaka. Maganar tsallakawa tana da nata sharuɗɗa da haɗurra, kuma wajen jami'in kariya ake yin ta kafin a ɗaure kaya. Abin da muke so a nan shi ne, idan tafiyar ta zama dole, kada jiki ya ba mutum mamaki.

Mu mutanen ƙasa-ƙasa ne. Rusairis da Damazin ba su kai mita 500 bisa doron teku ba, Madani da Sinja ma haka. Kano da kakannin wasunmu suka baro ita ma tsayinta bai wuce haka da wani abu ba. Ke nan tun kaka da kakanni jininmu da huhunmu a iskar kwari suka saba aiki. Amma kogin nan da muke sha daga sama yake gangarowa, daga tafkin Tana mai tsayin kusan mita 1,800. Wanda ya nufi gabas hawa yake yi, ko da a cikin mota yake zaune. Asosa tana wajen mita 1,570. Gondar ta haura mita 2,100. Adis Ababa tana wajen mita 2,350, dutsen Intoto da ke kanta kuwa ya wuce mita 3,000. Mai bin hanyar Gallabat yakan tashi daga Matama, wadda ba ta wuce mita 700 ba, ya kwana a Gondar a rana guda. Wannan hawan gaggawa shi ne tushen matsalar.

Me ke canzawa a sama?

Iskar da muke shaƙa tana da wani sashi da ake kira oksijin, shi ne jini yake ɗauka daga huhu ya rarraba wa gaɓoɓi. Ko a bakin kogi ko a kan dutse, oksijin kashi 21 ne cikin 100 na iska. Abin da ke raguwa shi ne nauyin iskar, wato a sama iska ta fi sakwarkwacewa. Ku ɗauka huhu mudu ne. Mudun yana nan yadda yake, amma a sama kowane awo ba ya cika. A lissafi, numfashi biyar a Adis Ababa shi ne daidai da kamar numfashi huɗu a nan Rusairis. A zaune mutum ba zai ji bambancin sosai ba. Sai ya ɗauki jarkar ruwa ya hau gangare, nan ne zai ji ƙirjinsa na bugawa kamar ya yi gudu.

Allah Ya yi jiki da dabarar gyara wannan giɓi, sai dai gyaran mataki-mataki yake zuwa. Tun sa'o'in farko numfashi yakan ƙaru, bugun zuciya ma haka. Cikin kwana biyu zuwa uku mutum zai ga yana yawan fitsari, wannan alama ce mai kyau, ƙoda ce take daidaita jini. Da dare numfashin wasu yakan riƙa yankewa na ɗan lokaci sannan ya dawo da ƙarfi, har mutum ya farka a firgice. Yawanci wannan ba cuta ba ce, yakan ragu da kansa. Ƙarin jajayen ƙwayoyin jini kuwa, waɗanda su ne ke dakon oksijin, sai an yi makonni kafin ya samu, kuma jiki ba zai iya ƙera su ba sai da sinadarin ƙarfe na abinci. Za mu dawo kan wannan.

Ƙarfi ba ya maye gurbin lokaci

Wannan shi ne abin da matasa suka fi ƙin yarda da shi. Saurayin da ya saba yini a gona cikin zafin Afrilu, ko ya saba jan koma a bayan madatsar ruwa, yana ganin ba tudun da zai gagare shi. Likitocin da suka yi nazarin ciwon tudu sun daɗe da tabbatar da cewa ƙarfin jiki ba ya kare mutum daga gare shi. Sau da yawa ma mai ƙarfi ya fi faɗawa ciki, domin shi ne yake sauri, shi ne yake ɗaukar kayan kowa a ranar farko, alhali tsohuwar da ke tafiya sannu-sannu tana ba jikinta lokacin da yake bukata.

Misali daga wasannin duniya. A 1968 an yi gasar Olamfik a birnin Mekziko, mai tsayin mita 2,240, kusan daidai da Adis Ababa. Ron Clarke na Ostareliya shi ne ke riƙe da kambun duniya a gudun mita 10,000 a lokacin. Ya zo na shida, kuma yana tsallake layin ƙarshe ya faɗi sumamme, sai da aka sa masa oksijin. Naftali Temu na Kenya ne ya ci, Mamo Wolde na Habasha ya zo na biyu, daga baya kuma ya ci gudun yada-ƙanin-wani. Su a tudu aka haife su. Har yau garin Bekoji na Habasha, mai tsayin wajen mita 2,800, yana fitar da gwanayen gudu irin su Derartu Tulu da Kenenisa Bekele da Tirunesh Dibaba. Saboda haka idan kun isa can kuka ga yarinya ta goyo damin itace tana hawa gangare tana hira, kada ɗanku ya ce zai yi gasa da ita. Mutanenta sun yi dubban shekaru a wannan iska.

To mene ne amfanin motsa jiki tun daga nan, tunda ba ya hana ciwon? Amfaninsa babba ne. Ƙasar tudu hawa da sauka ce. Famfon ruwa, wurin rabon abinci, asibiti, kasuwa, da wuya a same su a shimfiɗe kamar yadda muka saba. Ƙafar da ta saba hawa tana cin oksijin kaɗan a kan aikin da zai galabaitar da wadda ba ta saba ba. Zaman sansani kuma yana kashe jiki: mutumin da a da yake noma kullum, yau wata da watanni yana zaune a inuwar tanti, ƙarfin da yake tunanin yana da shi ya ragu bai sani ba.

Shirin da za a iya yi a nan

Idan akwai lokaci, mako huɗu zuwa shida ya isa a ga canji. A fara da tafiya mai ɗan sauri ta rabin sa'a, kwana biyar a mako, bayan sallar asuba ko bayan la'asar, kada a yi da tsakar rana. Kowane mako a ƙara minti goma, har a kai sa'a guda. Ma'aunin saurin da ya dace mai sauƙi ne: ka iya magana da na kusa da kai kana tafiya ba tare da maganar ta yanke ba. Idan haki ya hana ka kammala jimla, ka rage.

Daga mako na biyu a shigo da hawa. Ba sai an nemi dutse ba. Gaɓar kogi inda ake sauka ɗibar ruwa, matakalar makaranta, ko tubali biyu da aka jera a ƙofar tanti, duk sun wadatar. A hau a sauka sau goma, a huta, a maimaita sau uku. A haɗa da tsugunno da tashi, baya a miƙe, diddige a ƙasa, domin cinya da sha-raɓa su ne ke ɗaukar nauyin hawa. Sauka ta fi hawa cin gwiwa, don haka a koyi sauka da gajeren taku, gwiwa a ɗan lanƙwashe, dattawa kuma su riƙe sanda.

Gargaɗi mai nauyi a nan: kada kowa ya fita bayan gari ko ya nufi duwatsu da sunan atisaye. Wasu yankunan jihar nan, musamman ta wajen Kurmuk da Gaisan da Bau, suna da nakiyoyi da ragowar makaman da ba su fashe ba tun yaƙe-yaƙen baya. A tsaya kan hanyoyin da jama'a ke bi kullum, mata da 'yan mata kuma su fita a ƙungiya.

A mako biyu na ƙarshe a riƙa yin tafiyar da kaya. Jarka mai lita 20 nauyinta kilo 20 ne, ta yi yawa a farko. A fara da rabinta ko ƙasa da haka. Kayan baya sun fi kayan kai daɗin hawa gangare, domin gammo ba ya hana kaya rinjayar mutum idan ƙasa ta karkace. Takalmin da za a yi tafiyar da shi a fara sa shi tun yanzu. Sabon takalmi ranar tafiya bororo kawai yake kawowa, silifas kuma a kan laka da duwatsun damina santsi ne.

Gyaran jini ya fi duka wannan muhimmanci

A ganina, ga yawancin iyalanmu abin da ya fi atisaye gaggawa shi ne duba jini. Maleriya mai dawowa, tsutsar ciki, haihuwa kusa-kusa da ƙarancin abinci sun bar mutane da yawa da ƙarancin jini, musamman mata da yara. Mai ƙarancin jini ya riga ya rasa masu dakon oksijin tun a nan. Idan ya hau inda iskar ma ta ragu, rashi biyu ya haɗu masa. A je asibitin sansani a nemi awon jini makonni kafin tafiya. Idan aka ba da ƙwayar ƙarin jini a sha ta har ƙarshe, ko da ta sa bayan gida ya yi baƙi, haka take yi. Wake, adas, gyaɗa, zogale, rama, kifi, da hanta in an samu, duk suna da sinadarin ƙarfe. Lemon tsami ko garin 'ya'yan kuka yana taimaka wa jiki ya tsotse shi. Shayi da jabana kuwa suna hana shi shiga jini idan aka sha su a kan abinci, don haka a jinkirta su kamar sa'a guda bayan an ci.

Sai maganar sikila, wadda a asibitocin nan ake ce wa manjaliyya. Ta yi yawa a cikin al'ummarmu, kuma ƙarancin oksijin yana cikin abubuwan da ke tayar da ita. Yaro mai sikila yana iya shiga matsanancin ciwon ƙashi ko na ƙirji ko da a tsayin Asosa, balle idan sanyi da ƙishirwa sun haɗu. Irin wannan yaro ba a hawa da shi sai an ga likita, an karɓi magungunansa da takardar da ke bayyana ciwonsa. Akwai kuma wanda ya gaji ƙwayar daga ɓangare ɗaya kawai, lafiyarsa ƙalau, wataƙila bai ma sani ba. Yawancin irinsu ba abin da ke samun su, amma wani lokaci aiki mai tsanani a tudu yakan toshe jini a saifa. Alamarsa ciwo mai tsanani a saman ciki ta hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Wanda ya ji haka ya daina aiki, a kai shi asibiti, a gaya wa likita cewa daga ƙasa-ƙasa ya zo kuma akwai sikila a dangi.

Masu ciwon zuciya, masu asma ko tsohon tarin fuka, masu hawan jini, masu juna biyu da masu jariri sabon haihuwa, su ma su nemi shawarar likita tukuna, su kuma tanadi maganin da zai kai su aƙalla wata guda.

Kwanakin farko a sama

Idan hanya da tsaro sun ba da dama, kwana ɗaya ko biyu a matsakaicin tsayi kafin a ƙarasa yana da amfani ƙwarai. Idan babu dama, to kwana biyu zuwa uku na farko na hutu ne: tafiya kaɗan, babu dako, babu ƙwallo ga samari. A sha ruwa har fitsari ya yi haske, amma ba a ɗura shi fiye da kima. A ci abinci mai hatsi ko da ba a jin yunwa. A guji taba da giya da ƙwayar barci, domin suna rage numfashin dare. Idan tafiyar ta faɗo cikin azumi, a tuna matafiyi da mara lafiya suna da rangwame. Ga wanda hanyarsa za ta wuce mita 3,000, ƙa'idar likitoci ita ce kada wurin kwanan yau ya ɗara na jiya da fiye da mita 500, kuma bayan kowane kwana uku ko huɗu a huta yini guda.

Ciwon tudu ya fi kama mutane daga mita 2,500 zuwa sama, amma wasu yana taɓa su tun daga 2,000. Yakan bayyana sa'a shida zuwa goma sha biyu bayan isa: ciwon kai, tashin zuciya, jiri, kasala, rashin barci. Idan iyakarsa ke nan, a tsaya a inda ake, a huta, a sha farasitamol, kada a ƙara hawa. Cikin kwana ɗaya zuwa uku yakan wuce. Ƙananan yara ba sa iya cewa kansu na ciwo. Uwa ta lura da kuka marar dalili, ƙin nono ko abinci, daina wasa, da amai.

Alamomi biyu ne ba a jira da su. Na farko, haki alhali mutum yana zaune bai yi komai ba, da tari, leɓe ya yi duhu, wani lokaci kaki mai kumfa da ɗan ja. Wannan ruwa ne ke taruwa a huhu, kuma ya fi zuwa a dare na biyu zuwa na huɗu. Na biyu, tangaɗi kamar mashayi, rikicewar magana, ko barcin da ba a iya tashin mutum daga gare shi. Wannan kumburin ƙwaƙwalwa ne. A gwada shi: ya yi tafiya a miƙe yana ɗora diddige a gaban yatsun ɗaya ƙafar, idan ya kasa, lamarin ya yi tsanani. Duka biyun suna kisa cikin sa'o'i. Kada a ce iska ce ta taɓa shi a tsaya turare. A yi addu'a a kan hanya, a kai shi inda akwai oksijin, ko a sauko da shi ƙasa ko da mita 500 ne, a ɗauke shi kada ya taka da ƙafarsa, kuma kada a bar shi shi kaɗai. Akwai maganin rigakafi da ake kira asetazolamaid, amma likita ne ke rubuta shi, ba a saye a kasuwa.

A kula da wani ruɗani. Ciwon kai da ya zo da zazzaɓi mai zafi da rawar ɗari, a fara zargin maleriya. Sauro ya ciji mutum a nan, ciwon ya fito bayan mako ɗaya ko biyu a can. A garuruwa masu tsayi kamar Adis Ababa maleriya ba ta yawaita ba, don haka sai kun faɗa da bakinku cewa daga Bahar Azrak kuka zo, a yi muku gwaji.

Sanyi, gawayi da tukunya

Kowane hawan mita 1,000 yana rage zafi da wajen digiri shida. Daren Adis Ababa tsakanin Nuwamba da Janairu yakan sauka ƙasa da digiri 10, damina kuma daga Yuni zuwa Satumba ruwa ne da sanyi. Riguna biyu ko uku marasa kauri a jere sun fi guda ɗaya mai kauri, a rufe kan yara da ƙafafunsu, kuma a cire jiƙaƙƙen kaya da an tsaya. Rana a sama tana ƙuna ko da ana jin sanyi, hula da mayafi suna da amfani.

Sanyin nan ne ke sa mutane shigar da kaskon gawayi ɗaki su toshe ƙofa. Gawayi yana fitar da wata iska marar wari marar launi wadda ke kama jini ta hana shi ɗaukar oksijin. Tana kawo ciwon kai da jiri da amai, daidai da ciwon tudu, sannan ta kashe mutane cikin barci. Idan kowa a ɗaki ya tashi da ciwon kai lokaci guda, a fita waje nan take. Ba a kwana da garwashi a rufaffen ɗaki ko tanti, komai sanyi.

Iyaye mata za su ga wake da ful suna daɗewa ba su nuna ba. A tsayin Adis Ababa ruwa yana tafasa tun yana wajen digiri 92, bai kai 100 ba, shi ya sa. A jiƙa su tun dare don a rage cin gawayi. Ruwan sha kuma, wanda a nan tafasar minti ɗaya ta ishe shi, a sama da mita 2,000 a bar shi ya yi minti uku yana tafasa.

Sabon da jiki ya yi da tudu ba ya dawwama. Wanda ya zauna Gondar ko Adis Ababa, ya sauko Rusairis ya yi 'yan makonni, idan ya koma sai ya sake ba jikinsa waɗannan kwanaki biyu ko uku na hutu kamar baƙo. Wanda kuma ciwon tudu ya taɓa kamawa, shi ya fi kowa yiwuwar ya sake kamuwa, don haka ya faɗa wa likita tun kafin ya tashi, a rubuta a katinsa na asibiti, katin kuma ya kasance cikin leda tare da takardun rajistar iyali.